Sabon inji a tsohuwar kat-kat ɗin Kawu

Ni dai tun ina ƙarami, in na ji inji na kuka ba ni iya wucewa. Injin niƙa na bayan gidanmu a Tasawa shi ne malamina na farko, daga nan injin ban-ruwa, daga nan babura. Kolej ban yi nisa ba na bari, amma ɗan Faransancin da na tsinta can ya ishe ni in bi bidiyon masu gyaran mota a waya. In tsaida, in maida baya, in sake kallo, har caji ya mutu. To duk wanga ɗoki nawa, babu injin da na so irin na kat-kat ɗin kawuna, ƙanen mahaihiyata.

Kat-kat, ga wanda bai sani ba, mota ce mai ja da ƙafa huɗu. Ta Kawu mai buɗaɗɗen baya ce, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. Da ita yake bin ƙauyukan da gudiro, wato kwalta, bai kai ba, wajen Bawdeta da Hawan Dawaki, wani lokaci ya yanka har Mayahi, yana kwasar mutane da buhuna da awaki zuwa kasuwa. Ni ke bin shi. Ni ke ɗaure kaya, ni ke rage ma tayu iska in za mu shiga rairayi, kuma in wani abu ya yi ƙara a ciki ni ke fara cusa kai. Shi ya sa Kawu ke kirana Injiniya, rabi wasa rabi tsokana.

A ƙarshen wata damina injin ya fara gajiya. Hayaƙi shuɗi ya riƙa bin mu kamar mun ci bashi nai. Man inji kuwa sha yake, ka zuba da sahe, la'asar ka duba ya yi ƙasa. Rannan muna hawan wata jigawa da buhunan wake, sai ya yi tari, ya yi wani ƙwas-ƙwas daga can ciki, ya yi shiru. Shanun noma aka aro suka jawo mu har bakin hanya. Kawu na zaune yana riƙe da sitiyari, yara na bin mu suna tambaya ko shanun ma man motar, gazuwal, suke sha.

Ga kaka ta ƙarato. Duk mai mota a wajenmu ya san abin da za ya ci shekara a kaka yake samun shi, lokacin da hatsi da wake da aya da gujiya ke neman hanyar kasuwa. In kaka ta wuce motarka na kwance, to sai ka nemi inda za ka. Inda Kawu za shi kuwa sananne ne: arewa, tuƙin motar wani. Ya taɓa yin shekaru can, ya dawo ɗiyarshi ta ƙarshe ta gan shi ta ruga bayan uwarta tana kuka, ba ta san shi ba. Tun ranar ya ce shi da arewa har abada. Ga gwiwoyi sun fara ciwo, ga hurhura.

Abin da ke hannunshi sa ne guda, wani ja mai tozo da matarshi ta yi ta kiwo da dussa da harawa. Ita ta fara faɗa da bakinta, muna zaune tsakar gida tana dama hura.

"A saida shi. Amma ku ji ni da kyau, kai da Injiniyanka. Sa guda ne. Ba ya sayuwa sau biyu."

Muka tura motar garajin Baba Makanike. Shi wanga tsoho abokin Kawu ne tun suna samari, tare suka koyi tuƙi. Kirista ne, Lahadi garajinshi a ruhe yake, yana majami'a yana kaɗa masu ganga. Shi da Kawu ba su haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"Malam, ka kawo gawar?" in ji Baba.

"Gawa gidanku. Suma ta yi."

"Suman da shanu ke jawowa? To kwantar da ita nan, mu ga ko da sauran numfashi."

Muka cire kilas, wato murhin da ke saman injin, muka leƙa. Kai, ranar na ga abin da na daɗe ina gani a waya kaɗai! Ramukan da fistan ke hawa da sauka sun cinye, ka sa farce ka ji gaɓa. Segiman, waɗanga zobban ƙarhe da ke hana mai hawowa sama, wasu sun karye. Baba Makanike ya goge hannu ya ce hanya biyu ce. Ko a warware injin duka, a kai manyan ƙarafan Maraɗi a gyara ramukan, a sayo sababbin kayan ciki a sake haɗa shi. Ko kuwa a sauke shi gaba ɗaya, a sayo okaziyo, injin da aka ciro daga wata mota a ƙasar waje, a ɗora. Kuɗɗin san za su iya ɗaya, ba za su iya biyu ba.

Kawu bai ko yi tunani ba. "A gyara nawa. Na san shi, ya san ni. Okaziyo ai cinikin biri a sama ne. Wa ya san abin da ke cikinshi? Da lahiyarshi lau za su ciro shi su aiko mana?"

Ni kuwa na ƙosa in yi magana. Na ce, "Kawu, ka ba ni dama?"

"Yau kuma dama kake nema? Faɗi, Injiniya."

Na ce mashi gyara na da daɗi, ni ma shi na hi so in gani da idona. Amma tsohon inji in ka buɗe shi kamar tsohon zane ne, ka ɗinke nan can ya yage. Yau segiman, gobe a ce sandar ƙasa ta lanƙwashe, jibi a ce famfon mai. Kowane sai an je Maraɗi, kowane sai an jira layi wajen masu injin gyaran ƙarhe, su kuma a kaka kowa kansu yake. Kuɗɗin na iya ƙarewa injin na warwatse a kan buhu, wake na wucewa a motar wani. Okaziyo kuwa, ba dole mu saye shi ido ruhe ba. Akwai yadda ake bincikar shi tun yana ƙasa, na gani, na kuma gwada a ƙananan injuna.

Kawu ya dubi abokinshi. "Tsoho, kai mi ka ce?"

"Da rani ne, da na ce a gyara. Hannuna ya hi yarda da abin da na ɗaure da kaina. Amma hatsi ba ya jiran makanike. Yaron na da gaskiya a kan lokaci, kai kuma kana da gaskiya a kan biri. Sai ku zaɓi tsoron da kuka iya kwana da shi."

Kawu ya yi kwanaki yana kewaya motar. Abin da ya sassauto shi, Baba Makanike ya ce ba za a saida tsohon injin ga masu awon ƙarhe ba. Za a aje shi a kusurwar garaji a ruhe da tamfol, ni in riƙa gyara shi sannu sannu in an samu hali. Da jin haka Kawu ya ce to. Aka kai san kasuwa. Matar Kawu ba ta hito ba lokacin da aka ja shi, tana ɗaki wai tana neman allura.

Mu uku muka tahi Maraɗi. Wayyo, wurin masu okaziyo! Injuna jere a ƙasa kamar tumaki a kara, kowane an wanke shi yana ƙyalli. To bari in gaya maku, ƙyallin nan shi ne abin gudu na farko. Wanda aka wanke tas, an wanke har da shaidar inda yake yoyo. Ni mai ɗan datti nake nema, busasshen datti, wanda ba jiƙe da mai ba. In na samu sai in buɗe murhin mai in duba bayanshi. In ka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya haɗu da mai, ka yi gaba. Sannan in sa babban sifana in juya injin da hannu. Lahiyayye za ka ji yana tauri yana saki, yana tauri yana saki, kamar yana maida numfashi. Wanda ya juya sulɓi babu gardama, ya gama aiki.

Mai kayan ya gaji da ni. "Alhaji, wanga yaro saye ya zo ko awon ciki?"

Kawu ya ce, "Bar shi. Ba kuɗɗina ba ne, na mai ɗakina ne. In muka koma da mushe kai za ka je ka yi mata bayani?"

Muka tsaya a kan wani da ba ya da kyan gani ko kaɗan. Na roƙa a tada shi nan ƙasa. Aka kawo batir, aka sa tiyo cikin galan na gazuwal, aka danne shi da tsohuwar taya. Bugu na farko ya yi tari, na biyu ya kama. Baba Makanike ya ɗora tsinin sukudireba a jikinshi, ya kanga kunne a ƙotar, ya lumshe ido. Ya daɗe. Da ya ɗago sai ya miƙo mani in ji. Ciki lami lahiya, babu ƙwas, babu ƙaras. Na kusa yin tsalle, Baba ya taka mani ƙafa don kada mai kaya ya ga mun so.

Ɗora shi ya ba mu aiki. A reshen itacen bedi da ke garajin muka rataya sarƙa, muka ɗaga tsohon muka sauke sabon. Ƙafafunshi ba su zauna daidai inda na tsohon suke ba, sai da aka yanka ƙarhe aka yi walda. Tsohon salansa ma bai shiga ba, ya ruɓe ya huhhuje, aka sa wanda ya zo tare da injin. Ga Juma'a Kawu ya ce a tsaya, ga Lahadi Baba ya ruhe garaji.

"Motarka ta hi kowa hutu a garin nan," in ji Baba. "Tana bin naku tana bin namu."

"Ai shi ya sa ta daɗe. Kai da kake bin guda dubi yadda ka tsufa."

Ranar tadawa Baba ya cire hula ya yi addu'arshi, Kawu ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Ta tashi. Wani sanyin kuka, siriri, kamar mage na barci. Muka hita bayan gari muka nemi jigawa mahi tsawo, ta haye ba ta ko yi nishi ba. Kawu ya yi ta dariya yana dukan sitiyari. Ni kuwa ji nake duk Tasawa babu wanda ya kai ni.

Ranar kasuwa ta farko muka yi sammako muka nuhi ƙauyukan wajen Hawan Dawaki. Kaka ta kankama, ko'ina dammunan hatsi. Muka iso ƙauyen farko, gindin gawon da mutane ke jiranmu kullum. Babu kowa, sai akuya. Kawu ya yi oda, muka jira, wani yaro ya leƙo ya koma. Muka ce ko rasuwa aka yi. Ƙauye na biyu haka. Na uku muka hangi amalanken shanu sun yi nisa da buhuna, ƙurarsu kaɗai muke gani.

Kawu ya sake yin oda, ya tsaya gindin gawon ƙauyen ya kashe mota. Bai dube ni ba. Ya daɗe yana kallon bayan motar ta madubi, wayam, sai igiyoyina a naɗe. Can ya ce, a hankali, "Sun samu wani." Na san lissahin da yake yi. Sa ya tahi, inji ya zauna, kaya babu.

Ya ce mu sauka. Muka shiga ƙauyen da ƙafa, muka yi sallama gidan wata tsohuwa da ta daɗe tana ba mu kaya. Ita ke tara ayar matan unguwarsu, ita ke faɗa a ji in za a tahi kasuwa. Muka same ta zaune a kan buhu tana tsintar wake. Tana ganin Kawu ta saki faifai.

"La ilaha! Direba? Yaushe ka zo? Da ƙafa?"

"Da mota, Iya. Tana gindin gawo."

"Wace mota? Ƙarya kake, ɗan nan. Tun asuba kunnena na hanya. Wata dai ta shigo sumul-sumul, muka ce ta masu rigakahi ce ko ta ma'aikata."

"Ai mu ne. Har oda na yi."

"Oda! Kowane ɗan acaɓa ma oda gare shi. Mu motarka muke jira."

Nan ta warware mana abin da duk cikinmu, har Baba Makanike, babu wanda ya kawo a ka. Su a ƙauyukan nan ba su da lokacin mota, kukan motar shi ne lokacin. Tsohon injin da hujajjen salansa tun yana bayan jigawa ake jin shi, bu-bu-bu, da wani tari in Kawu ya canza giya. Daga jin shi zuwa isowarshi mace ta isa ta ɗaure buhu, ta sa zane, ta kira yaro ya kama akuya. Ba mai zaman jira a rana. Shekara da shekaru haka suke, mu da ke cikin motar ba mu taɓa sani ba, mun zaci dai mutanen kirki ne masu kiyaye lokaci. Ga shi kuma labari ya riga mu zuwa cewa shanu sun ja motar, an ga san Kawu a kara. Sai suka haɗa biyu da biyu suka ce ya yi kuɗɗin mota ya tahi arewa. Wasu suka ba masu amalanke kayansu, wasu suka bari a ɗaka.

"To yanzu naki fa, Iya?" in ji Kawu.

"Ga shi ina zaune a kai. Na ce in ba da ma wa? Mai amalanke in ya tashi yau sai kasuwa ta watse ya isa." Ta juyo wajena, da yake wasan jika take da ni. "Kai kuma, maigidana, an ce kai ne mai karatun waya. Kai ka shaƙe mata wuya?"

"Ni ne, uwargida. Lahiya na ba ta."

"Lahiyar da ba a ji? Ango, ko kai in ka shigo gida ba ka yi gyaran murya ba, tuwonka kare za ya ci."

Matan da suka taru suka kwashe da dariya. Na ce ai da sauƙi, in huda sabon salansan ta koma ruri. Kawu ya ce in na taɓa shi sai ya huda kunnena, abin da aka saya da sa guda ba a huda shi. Sai tsohuwar ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Ku bar gardama. Muryar jariri ma koyonta ake. Direba, koma bayan jigawar can ka taho kamar kullum. Mu kuma mu saurara."

Wallahi haka aka yi. Kawu ya koma bayan jigawa, ni na tsaya cikin mata da tsofaffi a gindin gawo, aka tsawata ma yara, aka tsaida daka. Tsohuwar ta ture ɗankwali daga kunne guda. Shiru. Can sai ga wani siririn kuka yana tasowa.

"Ga ta nan," in ji wata.

"A'a, wanga injin niƙan ƙauyen gaba ne."

"Ke, injin niƙa na canza giya?"

Da ya iso tsohuwar ta ce bai yi ba, ta makara da ji, ya sake komawa. A zuwa na biyu ta ɗaga yatsa tun ba a ga motar ba. "Yawwa. Tana da wani hito a sama-sama in ta kama hawa, kamar buta ta kusa tafasa. Kun ji shi?" Ni na san iskar da injin ke zuƙa ce, na buɗe baki in yi bayani, ta ce in ruhe mata baki tana aiki. Ta ce ma Kawu daga yau in ya kawo kan jigawa ya taka mai sosai ya saki, ya sake takawa, don masu nauyin kunne. Kawu da ke lissahin kowane ɗigon gazuwal ya ce to, Iya, an gama.

Aka shiga hito da kaya. Buhunan aya, wake, kaji a kwando, wani tsoho da tunkiya. Tsohuwar ta shiga gaba ta zauna a wurina, ni na koma baya kan buhuna. Ta ce a bi ta ƙauyukan da muka wuce. Kowane muka isa, ita ke leƙa kai ta taga tana ƙwala kira, "Ku hito, direba ne! Bai tahi ba! Murya ya sake!" A nan ma sai an tsaya an tada motar an kashe, an sake tadawa, mata na karkata kai suna saurare.

Mun isa kasuwa rana ta yi sama, kayan ma ba su cika motar ba, don amalanke sun riga sun kwashi rabi. Amma kasuwar da ta biyo, muna kawowa kan jigawar Kawu ya taka ya saki, ya sake takawa. Da muka gangaro, gindin gawon cike yake, buhu kan buhu, har da waɗanda ba mu saba ɗauka ba. Na ɗaure kaya har igiya ta ƙare na ari ta rijiya. Motar ta zauna ƙasa don nauyi, Kawu ya zagaya ya duba tayu, ya ce sauran sai ya dawo sahu na biyu.

Da muka kama hanya na leƙo ta tagar baya na ce, "Kawu, arewa fa?"

"Wace arewa? Riƙe tunkiyar mutane, Injiniya, kada ta faɗi."